Geron da Na Kai Ajiya Ƙasar Ƙanƙara

Wata uku ke nan da dawowata, amma har yau ban isa in zauna a majalisarmu ta bakin kasuwar Dutsin-Ma in sha shayina cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce, "Malam Sada, wai da gaske rana ba ta faɗuwa?" Wancan ya ce, "Me suke ci a can?" Alhaji Lawal mai hatsi kuwa tambayarsa ba ta sakewa, kullum ina tsaraba. Bakina ya gaji da maimaici. To ga shi nan a rubuce, kowa ya karanta ya huta, ni ma in huta. Amma wanda ke jiran in yabi wurin, gara ya nemi wani aikin tun yanzu.

Ga wanda bai san ni ba, shekara talatin da ɗaya ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na sashen tsirrai a wata babbar makaranta a nan garin. Ba ni da digiri, ido nake da shi. Ka zubo mini shara a tafin hannu, in ware maka ƙwayar harƙiya daga ta komayya, in nuna maka ta gude-gude, ban buɗe littafi ba. Daktoci su rubuta takarda da sunansu, ni in koma wanke kwalabe.

A bara wata Baturiya, farfesa daga Norway, ta kawo mana ziyara ta ga ina wannan aikin. Bincikenta wai a kan "yawon buɗe ido mai ɗorewa a yankunan ƙanƙara" ne. Da na matsa a warware mini wannan doguwar magana, sai ga ta 'yar ƙarama: masu kuɗi suna zuwa kallon ƙanƙara, 'ya'yan ciyawar ƙasashensu na maƙale a takalmansu, ana tsoron su tsiro su kori ciyawar can. Wasu baƙin daga ƙasashen zafi suke, ita kuma ba ta da wanda ya san irin ciyawarmu. Shi ne ta gayyace ni mako uku, zuwa wani tsibiri da ke can saman ƙasarsu, inda taswira ke ƙarewa. Shugaban sashenmu, Dakta Bishir, ba a gayyace shi ba, amma ya yi ta rubuta wasiƙu har ya gayyaci kansa.

Ana saura kwana biyu mu tashi, farkon watan Yuni, na hau mashin zuwa Kurfi in yi wa Yaya Mamman sallama. Shi ne babbanmu, ya ba saba'in baya. Gonarmu ta gado tana wani ƙauye gaba da Ɗantutture, kuma damina uku ke nan ba wanda ya sa fartanya a cikinta, tun ranar da 'yan bindiga suka kore shanu suka cinna wa rumbuna wuta. Da kayan jikinsa Yaya ya fito, sai zangarniyar gero shida da ya fizgo daga rufin ɗaki, inda ake soke iri. Geron nan ba na kasuwa ba ne. Mai-gemu muke ce masa, don zangarniyarsa gashi gare ta da ke tsone wa tsuntsu ido, ga shi yana nuna da wuri. Tun kakanmu ake shuka shi, kuma ban taɓa ganinsa a gonar kowa ba.

Yaya yana zaune a ɗakin aro, ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa, 'ya'yansa maza suna acaɓa a Katsina. Sau biyu yana roƙona in ba shi wani lungu a tsakar gidana ya shuka, sau biyu ina ce masa na riga na yi siminti, sai dai a duba. Gaskiyar magana ƙyashin fasa simintin nake.

Baki shi ke yanka wuya. Ina zaune ina cika masa baki, na ce, "Yaya, tsibirin da za ni ma can ne rumbun irin duniya yake. An haƙa dutse, ana ajiye iri cikin ƙanƙara, ya daɗe iya daɗewa bai mutu ba."

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da ɗan ƙulli a tsumman atamfa, bai wuce girman goro biyu ba. Ya ce, "Ka kai shi can."

Na ce, "Yaya, ai ba haka ake yi ba."

"Ba rumbu ka ce ba? Rumbu shina da mai shi. Ka yi sallama, ka ce ajiya ce daga Mamman na Kurfi. In ƙasa ta kwanta a aiko a amsa."

"To a raba, ka riƙe rabi."

"In riƙe in yi mi da shi? Ƙwari sun cinye huɗu. Wanga na tsinto ne daga biyun da suka rage, ƙwaya-ƙwaya. Ni ba gona, kai ba fili."

Wannan "kai ba fili" ita ta soke ni. Na karɓa na cusa a cikin hulata, inda Bahaushe ke sa abin da ba ya so ya ɓata.

Mun shiga mota daga Dutsin-Ma muka bi ta Kankiya zuwa Kano. Dakta ya sayo wata ƙatuwar rigar sanyi a gwanjo, kuma tun daga tasha ya saka ta, wai don ta ƙi shiga akwati. Ni na san don mutanen tasha su tambaye shi ina za shi ne. Kafin mu kai Kankiya ya jiƙe sharkaf, wata tsohuwa da ke bayanmu ta taɓa ni ta ce, "Malam, asibiti za ku kai shi?" Na ce mata i, Hajiya, a sa mu a addu'a.

Daga Kano muka wuce Abuja a mota, daga nan muka tashi zuwa Istanbul. A can ne gabana ya fara faɗuwa, don mai binciken kaya ya nuna kaina ya ce in cire. Na cire hular na ninke ta da ƙullin a ciki, na sa a faranti, ta shige na'ura ta fito ba wanda ya ce uffan. A Oslo kuwa kare suka sako mana, kare mai riga, an ba shi girma ya fi na wasu ma'aikatan. Ya shinshina jakata ya zauna. Dambun naman da Maman Zainab, matata, ta kwana biyu tana yi, shi ya jawo. Ma'aikaciyar da ke riƙe da karen ta ce ba a shiga da nama. Sau uku tana ba ni haƙuri tana zuba shi a kwandon shara, har da murmushi. Mutanen nan sun iya ba da haƙuri suna cutarka. Karen dai bai ɗaga kai ya dubi hulata ba, na yi hamdala.

Jirgi na uku ya sauke mu a tsibirin. Na duba gabas na duba yamma, ko geza babu, balle itace. Duwatsu baƙaƙe, ƙanƙara a kansu, sai iska mai shiga har cikin haƙori. Wannan shi ne abin da mutane ke ƙetare duniya su zo kallo. Wallahi da a ƙasarmu yake, ko makiyayi ba zai tsaya ya yi fitsari ba.

Garin ɗan ƙarami ne, al'adunsa kuma sai su. Ko'ina za ka shiga, otal ne ko ofis, sai ka cire takalmi a bakin ƙofa, ka ga manyan farfesoshi suna yawo da safa. Ranar farko babban ɗan yatsan Dakta ya leƙo ta hudar safarsa a gaban shugaban cibiyar binciken da ta karɓe mu, ya wuni yana tafiya da ƙafa ɗaya a kan ɗaya. An hana kiwon kyanwa, wai kada ta ci tsuntsaye. Ba ka fita bayan gari sai da mai bindiga, saboda wata farar dabba ƙatuwa da ake kira beyar, mai cin mutum. Da na ga mai rakiyarmu ya rataya bindiga sai Yaya ya faɗo mini a rai. Su dabba ke hana su fita daji, mu 'yan Adam. Mace in ciki ya tsufa sai a sa ta a jirgi ta je wani gari ta haihu, wanda ya mutu ma can ake kai shi. Garin da ba a haihuwa, ba a binne gawa, wai nan aka tara mu a koya mana ɗorewa.

Maganar rana kuwa gaskiya ce, ba ta faɗuwa. Tana ta zagaye sama kamar akuya a turke. Na bi fatawar limaminmu na yi salla da agogo, sai ga ni ina isha'i rana na haska mini sallaya. Masaukin ɗaki ne ɗan mitsitsi mai baƙin labule, zafi a ciki, sanyi a waje, fatar jikina ta bushe ta yi fari. Tun daga nan na fara jin wani abu yana ɗan sukata a ƙeya cikin hula, na ɗauka bushewar fata ce.

Abinci kada ma a tada zancen. Da safe burodi mai sanyi, da kifi ɗanye da aka jiƙa a ruwan tsami, da wani cuku ruwan ƙasa mai zaƙi-zaƙi wanda har yau ban yafe wa wanda ya ƙirƙire shi ba. Da rana burodin ne dai, an sake masa zama. Dakta yana ci yana cewa ai wannan shi ne lafiyayyen abinci, idonsa na kawo ruwa. Allah Ya haɗa ni da mai dafa abincin, wata 'yar Filifin mai suna Mariya, shekararta goma sha ɗaya a can. Ta ga ina juya cokali, ta koma ciki ta dawo da shinkafa da dakakken barkono a murfin kwalba. Ita kaɗai na samu mai hankali a tsibirin nan. Ita na fara tambaya a ɓoye, ina mai rumbun irin nan yake zama. Ta yi dariya ta ce, "Baba, ba kowa a ciki. Ƙofa ce kawai a jikin dutse, mutane na zuwa su ɗauki hoto." Na ce a raina mai dafa abinci ce, ina za ta sani.

Kafin mu fara binciken baƙi, mu aka fara bincikewa. Akwai takarda mai jerin wurare: takalmi, safa, bakin wando, aljihu, jaka, hular sanyi. Aka kunna injin zuƙar ƙura aka bi mu lungu-lungu. A safata aka samu ƙarangiya uku. Ku zo ku ga murna wurin Farfesa. Ƙarangiyar da muke cirewa muna tsaki, ita aka ɗauka da ɗan hantsaki aka sa a kwalba, aka yi mata lamba, aka ɗauke ta hoto gaba da baya. Na cire hular sanyi aka zuƙe, saura tawa ta gida da ke ƙasa. Farfesa ta ɗaga hannu ta ce wa mai injin, "A'a, bar masa wannan, ta addininsa ce." Ban gyara mata ba. Hular da na saya a kasuwar Kurfi ranar da na sayi buhun taki, ta zama ta addini.

Aikin a bakin ruwa ake yi. Jirgin ruwa zai tsaya, tsawonsa ya fi gidan bene, ya amayo tsofaffin Turawa da 'yan Sin cikin jajayen riguna iri ɗaya. A zaunar da su a goge musu takalmi, a zuƙe aljihu, a kawo mini sharar a faranti in ware. Ni dai shekara talatin ina tsintar ciyawa a gida, ban san za a ɗauko ni a jirgi uku in zo in tsinci ta ƙafar wasu ba. Wata tsohuwa Ba'amurkiya ta tsaya kaina tana kallo, ta ce mini wannan zuwanta na bakwai. Na ce me ta manta a nan? Ta ce tana zuwa ne ta ga ƙanƙara kafin ta narke, ta faɗa idonta ya ciko. Da safiyar ranar kuwa Farfesa ta gama yi mana bayani cewa hayaƙin jirage na cikin abin da ke narkar da ita. Na ce wa Dakta da Hausa, "Ka ga mai zuwa dubiya da tsumagiya." Ya ce in yi hankali, a nan ba a gida muke ba.

A mako na biyu aka yi taro na kwana uku. Masana sun zo daga ƙasashe da yawa, kowa a jirgin sama, don a tattauna yadda za a rage zuwan mutane. Wuni guda cur aka yi ana gardama a kan gansakuka, mutum nawa ya kamata su taka ta kafin a ce an cuce ta. A ƙarshe aka kai mu muka ga maganin da suka samo: igiya ce aka ja a kan 'yan turaku, kada kowa ya ƙetare. Na ce ikon Allah, wannan ai ko mai lambun albasa a bakin madatsar ruwan garinmu ya san shi, kuma bai taɓa rubuta takarda ba. Dakta ya gabatar da tasa a kan darussa daga yankin Sahel, ya nuna hotunan raƙuma da tudun rairayi na inda bai taɓa zuwa ba. Aka tafa masa sosai.

Ranar ƙarshe ta taron aka ce za a kai mu ganin rumbun iri. Ban iya cin ko shinkafar Mariya ba. Mota ta hau da mu dutse ta tsaya, sai ga abin da Mariya ta faɗa, ba ƙari ba ragi. Wani dogon kankare ne ya leƙo daga cikin dutse, da ƙofar ƙarfe a kulle. Ba maigadi, ba ƙararrawa, ba ko tagar da za ka leƙa. Mai rakiya ya yi bayani cewa gwamnatoci da manyan cibiyoyi ne ke kawo iri, cikin akwatuna masu hatimi, bayan an yi ta musayar takardu. Na tambaye shi, in manomi ɗaya ne fa yake da ajiya? Ya yi murmushi ya ce tambayar tana da kyau ƙwarai, ya juya ya ci gaba da zancensa.

Kowa ya shiga ɗaukar hoto. Ni na zagaya gefen kankaren na tsuguna. Na ce a raina, ciki da waje ai sanyin ɗaya ne. In na tura ƙullin nan ƙarƙashin dutse a gindin bangon, na cika alkawari gwargwadon iko, watakila wata rana wani ya zo ya ɗauka. Na san wauta ce. Amma ban ga yadda zan koma Kurfi in miƙa wa tsohon nan ƙullinsa in ce rumbun ba mai shi ba. Na cire hular sanyi, na cire tawa, na ciro ƙullin. Har na yi sallama a hankali, kamar yadda ya ce.

"Malam Sada, mene ne wannan a hannunka?"

Dakta ne. Da ya tambaya da Hausa da maganar ta tsaya tsakaninmu, amma da Turanci ya yi, da ƙarfi, yana waiwayen Farfesa. Ta taho ta karɓa ta kwance. Na zaci za ta yi faɗa, ina ma faɗan ta yi. Fuskarta ce ta washe. Ta ce tunda ta fara binciken nan ba ta taɓa samun iri mai yawa haka a jikin mutum ɗaya ba, wannan shi kaɗai zai ci shafi guda. Ta ɗauka daga aljihu na ciro, ta juya tana tuhumar mai injin da sakaci.

A ɗakin gwaji na zaunar da ita na gaya mata komai: Yaya, gonar, rumbunan da aka ƙone, zangarniya shida da suka koma biyu. Ta saurara da kyau, har ta dafa ƙirji. Na ce to ta ba ni abina in koma da shi, damina ba ta yi nisa ba. Ta ce ina ma za ta iya. Izinin da aka ba ta ya ce duk irin da aka kama a fili sai an rubuta shi, a ɗauki hoto, a kashe shi da zafi, kuma an kama wannan a gaban shaidu. In ta saki ɗaya, aikinta na shekaru ya zube. Na juya wurin Dakta na ce, "Ranka ya daɗe, ka sa baki. Ka san Yaya, ka sha furar geron nan a gidana." Ya ce, "Malam Sada, kada ka ja mana. Ana maganar a sake gayyatar sashenmu baɗi."

Ni aka ba takardar in rubuta sunan irin, tunda aikina ne. Na rubuta na Latin a layin da aka tanada. A gefe na ƙara Mai-gemu, na Mamman na Kurfi. Farfesa ta ce ba gurbin wannan, amma ba komai, za a goge wajen bugawa. Aka baza geron a farantin ƙarfe aka tura cikin tanda ta lantarki.

Ba a jima ba ɗakin ya cika da ƙanshin tumu. Duk wanda ya taɓa gasa sabon gero a bakin gona da kaka ya san abin da nake nufi. Ina tsaye a ƙarshen duniya cikin safa, sai ga ƙanshin gonarmu, da Babanmu yana murza zangarniya a tafin hannu yana hura mana. Wani matashin masani ya leƙo ya ce kai, wa ke yin gugguru, ƙanshi mai daɗi. Na fita waje na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Mariya ce ta biyo ni da takalmana.

Dawowa ba abin faɗi. Ban yi wa Dakta magana ba daga tsibirin har tashar Dutsin-Ma. Kwana biyu ina gida ina shirya ƙarya. Abu ne mai sauƙi in ce an karɓa an ajiye, wa zai je ya duba? Maman Zainab ta ce, "Malam, in ka yi masa ƙarya, kullum sai ya tambaye ka yaushe za a aiko a amsa. Za ka iya?" Ranar kasuwar Kurfi na hau mashin, an yi ruwa da asuba, gero ya fara tasowa a gonakin bakin hanya.

Na same shi a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen can. Sannan ya ce, "Ka iske mai rumbun?"

Na gaya masa gaskiya tun daga ƙofar ƙarfe har tanda. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Sun ci, ko zubarwa suka yi?"

Na ce zubarwa.

"Ko ci ba su yi ba," in ji shi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Zufa ta keto mini. Na cire hula ina murɗa ta a hannu don na rasa inda zan sa idona, har na juyo cikinta waje. Sai na ji wani abu ya zubo a kan tabarma, ƙas-ƙas. Idon Yaya ya yi rauni, amma kunnensa garau yake. Ya ce, "Tsaya. Kada ka motsa." Ya lalubo da tafin hannu, ya lashi ɗan yatsa ya ɗauko ya kai kusa da ido. Ashe tsumman atamfar ya ɗan huje tun a hanya, ƙwayoyin suka shige ninkin hular, su ne ke sukata a ƙeya mako uku. Na'urar Istanbul, karen Oslo, injin Farfesa da takardarta mai jerin wurare, duk sun wuce ta kansu. Muka farke ninkin da reza. Ƙwaya tara muka samu.

Yaya ya ƙulle su a gefen rigarsa ya miƙe, ya ce, "Akwai sauran damina."

Na ce, "Akwai fili, Yaya."

Da la'asar ɗin ranar na ari diga na fasa simintin tsakar gidana, daidai inda nake ajiye mashin. Cikin taran huɗu suka tsiro, kaza ta cinye ɗaya, washegari muka ci ta da miyar kuɓewa. Ukun yanzu sun fi ni tsawo, sun fitar da kai, gemun ya fito. Yaya ya tattaro tabarmarsa daga Kurfi ya tare a gidana, daga sallar asuba yana zaune a gindinsu da 'yar sanda.

Makon jiya Farfesa ta aiko wa duk wanda ya yi aikin da tambaya, ko akwai wani wuri a suturar mutum da takardarta ta manta. Na amsa mata cewa ni dai ban ga ko ɗaya ba.

To Alhaji Lawal, kai da ke neman tsaraba, tana nan a tsakar gidana, ka zo ka gani bayan la'asar. Sai dai ka sani Yaya ya kafa turaku huɗu ya ja igiya, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Jiya na ɗan matsa in duba zangarniyar tsakiya, ya buge mini ƙauri da sanda ya ce in koma bayan igiya.